Me ke wurga fasinja gaba in an taka birki, kuma nawa ne bambancin gudun 80 da na 100?

Ƙanina na ga tambayarka, kuma gara da ka kawo ta don musun nan ba ku kaɗai kuke yinsa ba, duk tashar da ka shiga a Gombe zaka ji irinsa. Ka ce yayanka da ke jan Sharon tsakanin Gombe da Bauchi ya kafe kan cewa gudu ba ya kisa in dai direba ya iya hannu kuma birkinsa na ci, wai tsakanin 80 da 100 ai 20 ce kawai. Kai kuma kana son sanin me ke wurga fasinja gaba in aka taka birki, da kuma dalilin da yasa tirela ba ta tsayawa da wuri kaman ƙaramar mota. Fiziks nake koyarwa a sakandare shekara da shekaru, toh bari in warware maka yadda nake yi wa ɗalibaina, sai dai ka yi haƙuri akwai ɗan lissafi, ba mai yawa bane.

Da farko yayanka yana da rabin gaskiya, kada ka raina masa. Jikin ɗan Adam ba ya jin gudu kwata-kwata. Alhazan da ke tashi daga Lawanti, in jirgi ya daidaita a sama yana yin kusan kilomita 900 a awa, amma ana zuba musu shayi a kofi ba ya zubewa, mutum ya tashi ya je bayi ya dawo lafiya lau. Yanzu haka duniyar nan tana zagaya rana da mu da gudun kusan kilomita 30 a kowane sakan, sakan fa na ce ba awa ba, waye ya taɓa jin jiri sabida haka? Abin da jiki ke ji, kuma abin da ke karya ƙashi, shine canjin gudu, wato yawan gudun da ya ƙaru ko ya ragu da kuma cikin wane lokaci hakan ya faru. Wannan shine akselareshan ɗin da ake ta wahalar da ku da shi a aji. Mota ta tashi daga tsaye ta kai 100 a maleji cikin sakan 10, toh 100 ɗin nan daidai yake da mita 27.8 a sakan, ka raba da 10, kenan a kowane sakan ana ƙara mata gudun mita 2.8 a sakan. Shine abin da kake ji yana manna bayanka da kujera, da ta kai 100 ta tsaya a kai sai ka daina ji duk da cewa a lokacin ne ta fi gudu.

Kuma abu uku ne a hannun direba da ke canja gudu, ba ɗaya ba. Totur na ƙarawa, birki na ragewa, sitiyari kuma yana canja inda aka nufa, wanda shima a fiziks canjin gudu ne ko da allurar maleji bata motsa ba. In kana so ka gani da idonka ba sai an kai ka lab ba, ka zauna a gaba ka dubi carbin da direbobi ke ratayewa a madubi. Mota na tsaye carbi na miƙe. An taka totur sai ya karkata baya. An kai gudun da ake so an daidaita ƙafa a kan miƙaƙƙiyar kwalta, sai ya dawo ya miƙe tamkar motar a fake take, ko da kuwa 120 ake yi. An taɓa birki ya yi gaba wajen gilas, an sha kwanar dama ya yi hagu. Har aunawa zaka iya da shi, a tashin nan na sakan 10 carbin zai karkata kusan digiri 16, in kuwa birkin gaggawa aka taka a busasshiyar kwalta zai kai wajen digiri 35. Duk abin da ke samun carbin nan shi ke samun kanka da hanjinka da jaririn da ke cinyar uwarsa a baya.

Toh me ke tura carbin gaba? Ba komai. Nan ne yawancin ɗalibai ke sa min musu. Babu wani abu da ke tura fasinja gaba in an taka birki, motar ce aka riƙe shi kuma ba a riƙe shi ba. Da shi da motar duk 80 suke yi, birki ya kama taya, taya ta kama kwalta, motar ta fara ragewa, shi kuwa bawan Allah yana nan a kan 80 ɗinsa har sai ya samu abin da zai rage masa, in bel ne bel, in babu sai kujerar gaba ko dashbod ko gilas su yi aikin. Wannan ita ce doka ta farko cikin dokokin motsi uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687, abu in yana tsaye zai ci gaba da tsayuwa, in yana tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, har sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Sauƙin faɗi gare ta amma mutane sun daɗe kafin su yarda, sabida duk abin da muka sani a duniya in ka daina tura shi tsayawa yake yi, shi yasa Aristotal, masanin Girka na zamanin da, ya ɗauka cewa motsi sai da mai turawa, kuma maganarsa ta yi sarauta kusan shekara dubu biyu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, yana cikin waɗanda suka hango cewa abin da aka jefa ba gajiya yake yi don kansa ba, wani abu ne daga waje kaman iska ke cinye masa tafiyar. Galileyo a Italiya ya zo ya gwada da ƙwallaye a kan gangaren katako, Newton ya ɗaure maganar da lissafi. Abin da ke tsayar da kaya a duniyarmu gogayya ce, ta ƙasa da ta iska, ba wai motsin ne ke ƙarewa ba.

Doka ta biyu ita ce uwar lissafin, ƙarfi daidai yake da nauyin abu sau canjin gudunsa, F = ma kaman yadda yake a littafinku. Mai tura kurar ruwa ya san ta ciki da bai ko da bai taɓa shiga aji ba. Kura babu komai da hannu ɗaya yake tayar da ita, da hannu ɗaya yake tsayar da ita. Ya cika jarka goma masu lita 25, kilo 250 kenan na ruwa kaɗai, sai ka ga ya sunkuya ya kafa ƙafa kafin ta motsa, kuma in ta ɗauki gudu a ɗan gangare sai ya jingina da baya yana jan silifas a ƙasa kafin ta yarda ta tsaya. Nauyin da ya hana ta tashi shi ne dai ya hana ta tsayuwa. Ana auna ƙarfi da nuton, kuma don ka samu abin kamawa, duk kilo ɗaya ƙasa na jansa da ƙarfin nuton 9.8, wato kusan 10.

Yanzu mu kai wannan kan hatsari, don nan ne maganar take da zafi. Mutum mai kilo 70 yana cikin mota ana 60 a maleji, mita 16.7 a sakan kenan. Ko ta halin ƙaƙa sai gudun nan ya koma sifili, abin tambaya kawai cikin wane lokaci. In direba ya rage a hankali cikin sakan 10, ƙarfin da zai taɓa shi bai wuce nuton 120 ba, ko farkawa daga gyangyaɗi ba zai yi ba. In kuwa bishiya ko bayan tirelar da ta lalace aka bari a titi ce ta tsayar da motar, abin yakan ƙare cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan. Ka raba 16.7 da 0.1, ka samu 167, ka ninka da 70, nuton 11,700 kenan a ƙirjin mutum ɗaya. In ka mayar da shi buhun siminti mai kilo 50, kusan buhu 24 ne aka ɗora masa a lokaci guda. Gudun bai canja ba, mutumin bai canja ba, lokaci kawai aka matse. Toh wai a haka ne wani zai ce maka shi ba ya sa bel sabida in abu ya faru zai dafe dashbod da hannu. Da wane hannun?

Wanda ya fi damuna ma shine jariri a cinya, musamman a kujerar gaba. Yaro mai kilo 10 a irin wannan karon, sai uwar ta riƙe shi da ƙarfin nuton 1,670 kafin ya zauna a hannunta, sama da buhu uku na siminti, kuma a fizge ba tare da ta shirya ba. Babu uwar da zata iya, ba rashin so bane, damtse ne ba a yi shi don haka ba. In kuma ita kanta bata sa bel ba toh ita ce zata danne shi da dashbod. Haka na bayan da bai ɗaura ba, ba kansa kaɗai ya saka a hatsari ba, shi ne zai zo ya daki wuyan na gabansa. Haka buhun masara ko janareto da aka cusa bayan kujerar ƙarshe ba a ɗaure ba, duk suna nan a kan gudunsu suna jiran a taka birki.

Duk dabarar kare rai a mota ɗaya ce, a ja lokacin tsayawar ya ɗan ƙara tsawo, a kuma baza ƙarfin a inda jiki ke da ƙwari. Bel yana ɗan miƙewa kuma yana kama ƙugu da ƙirji, irin wanda muke amfani da shi yanzu mai ratsa kafaɗa wani injiniyan Volvo ne Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi a 1959. Jakar iska aikinta kenan, soson cikin hular kwano ma aikinsa kenan. Kuma nan zan saɓa da masu yabon tsofaffin motoci suna cewa wannan ai ƙarfe ce zalla, ta yau kuwa ana taɓa ta sai ta lotse. Da gangan ake ƙera gaban motar yau ya lotse. In goshin mota ya lanƙwashe, bel ya ɗan bayar, jikinka ya samu wajen santimita 80 da zai tsaya a ciki. In kanka ne ya je ya samu gilas da kansa, tsayawar zata faru cikin 'yan santimita kaɗan, ka ce 8, ƙarfin ya ninka sau goma kenan. Motar da ta fito daga karo bata lotsa ba, a tambayi na cikinta waye ya shanye dukan.

Sai maganar 80 da 100, wadda nan ne yayanka ya yi kuskure babba, kuma ba laifinsa bane don ƙwaƙwalwa haka take son lissafi, in gudu ya ƙaru da kwata sai ta ɗauka komai ya ƙaru da kwata. Nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ba da gudu yake tafiya ba, da gudu sau gudu yake tafiya. Ka ninka gudu sau biyu, nisan ya ninka sau huɗu, ka ninka sau uku ya ninka sau tara. Dalili kuwa, mai gudu biyu yana buƙatar lokaci biyu kafin ya tsaya, kuma cikin lokacin nan mai tsawo yana cin ƙasa da sauri biyu, biyu sau biyu. Galileyo ya ga irin wannan a ƙwallayensa, nisan da ƙwallo ke ci a gangare cikin lokuta masu tsawo ɗaya yana tafiya ne 1, 3, 5, 7, in ka tara ka samu 1, 4, 9, 16.

Mu saka lambobi. Taya mai kyau a busasshiyar kwalta, birkin gaggawa yana rage kusan mita 7 a sakan cikin kowane sakan. Sannan kafin ƙafa ta kai kan birki, ido ya gani ƙwaƙwalwa ta gane, mu ba direba sakan ɗaya, wanda ma mun yi masa adalci sosai don wanda ya gaji ko yake amsa waya ya fi haka. Ga motoci biyu kafaɗa da kafaɗa sun wuce Alƙaleri, ɗaya na 80 ɗaya na 100, sai ga saniya ta faɗo titi a mita 58 gabansu. Mai 80 yana cin mita 22 a sakan, toh mita 22 sun tafi kafin ya taɓa birki, birkin kuma ya ci mita 35, ya tsaya a 57, gab da ita, sai dai salati da zufa. Mai 100 mita 28 sun tafi kafin ya taka, saura 30, shi kuwa birkinsa mita 55 yake nema. Ka yi lissafin ka ga da wane gudu zai iso inda saniyar take, ba 20 bane, kusan 68 ne. Ina so ka tsaya kan wannan ka nuna wa yayanka, bambancin 20 a maleji ya zama bambanci tsakanin wanda bai taɓa ta ba da wanda ya dake ta da gudun 68. Kuma 60 ɗin da muka lissafa ɗazu da buhu 24, daidai take da faɗowa daga tsayin mita 14, ita kuwa 100 daga mita 39. In 60 da 120 ka gwada abin ya fi muni, mai 60 ya gama tsayawa a mita 37, mai 120 a wannan wurin yanzu ma ya fara taka birki, sai ya wuce mita 110 kafin ya tsaya.

Zai ce maka ai birkinsa na ci. Toh birki taya yake tsayarwa, titi ne ke tsayar da mota. Duk ƙarfin da zai rage gudun Sharon cike da mutane ta wurare huɗu yake bi, inda roba ta taɓa kwalta, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Iyakar abin da wuraren nan zasu iya riƙewa shine iyakar birkinka ko da yau aka sa shi sabo, in ka wuce iyakar taya ta ƙulle ta fara ja a ƙasa, kuma taya mai ja ba ta jin sitiyari, abin da na'urar birkin nan da ake kira ABS ke ƙoƙarin hanawa kenan da yake kamawa yana saki da sauri. In an yi ruwa, ko yashi ya kwanto kan kwalta kaman yadda yake yi mana a cikin gari bayan kowane ruwan sama, ko tayar ta cinye ta yi sanƙo, 7 ɗin nan na iya komawa 4 ko ƙasa da haka, nisan tsayawa ya kusa ninkawa. Iya hannu yana da amfani ban musa ba, gwani yana hango matsala da wuri kuma ba ya firgita, amma gwaninta ba ta ƙara wa roba riƙo. Kuma me ake samu a gudun? Gombe zuwa Bauchi kilomita 150 ne da 'yan kai, a 100 minti 90, a 120 minti 75, ribar minti 15 kenan a takarda, wadda ramuka da shingen jami'an tsaro da garuruwan kan hanya zasu cinye fiye da rabinta. A ƙa'idar tuƙi ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ma 80 ce iyakar ƙananan motoci a irin wannan hanyar, 100 ta manyan tagwayen hanyoyi ce, cikin gari kuma 50.

Tirela kuma amsarta ba yadda mutane suka ɗauka bane gaba ɗaya. Kowa zai ce nauyi ne, eh nauyi ne amma akwai lauje cikin naɗi. Abu mai nauyi ya fi wuyar tsayarwa, amma kuma ya fi danna tayoyinsa a ƙasa don haka ya fi samun riƙo, a takarda sai biyun su soke juna, in da riƙon taya ne kaɗai magana da tirela da ƙaramar mota zasu tsaya a nisa kusan ɗaya. Irin wannan sokewar ce ta sa dutse babba da ƙarami suke faɗowa tare in ba iska, har a 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata suka dira lokaci ɗaya. Matsalar tirela a wani wurin take. Birkinta na iska ne, yana ɗaukar ɗan lokaci kafin iskar ta kai tayoyin baya ta kama, tayoyinta an yi su ne don ɗaukar kaya da daɗewa ba don riƙo irin na ƙaramar mota ba, in aka yi mata lodin da ya wuce ƙima kuma birkin ne ke gazawa tun kafin taya ta kai iyakarta. Sannan uwa uba zafi.

Don gudu ba ɓacewa yake ba in an taka birki, zafi yake komawa. Tirela ɗauke da siminti buhu 600, tan 30 kenan, ka haɗa da nauyin motar kanta ka ce tan 45. Tsayar da ita sau ɗaya daga 60 yana zuba wa ƙarafan birki zafin da ya isa ya tafasa ruwa lita 20. Wannan ba matsala bane, an yi su don haka, suna hucewa. Amma ka sa ta a dogon gangare kaman na shigowa Gombe ta wajen Tumfure, duk saukar mita 100 a tsaye, in birki kaɗai ke riƙe da ita, zafin da zai shiga ya kai sau bakwai na waccan tsayawar, ba tare da an ba shi damar hucewa ba. Ƙarfe ya yi jajir, riƙonsa ya ragu, direba na takawa ƙafa na shiga mota na ƙara gudu, shine ake cewa birki ya shanye, alhali sau da yawa ba abin da ya tsinke, dafuwa ya yi. Maganinsa tsoffin direbobi sun sani, a sa babbar giya, wato giyar ƙarfi ba ta gudu ba, tun kafin a fara gangarowa inji ya riƙe motar, birki ya zama na taimako. Mai sakin mota a firi don ya rage shan mai, shi ya cire injin daga aikin ya bar wa birki dukkan tan 45 ɗin, kuma yawan tattaka shi na rage iskar da ke tanki. Wallahi in da ni ke ba da lasisi da wannan ce tambayar farko.

Doka ta uku bari in taɓa ta a gurguje tunda ta shafi 'yan achaba da ke shan gaban manyan motoci. In abu biyu suka haɗu, ƙarfin da wannan ya daki wancan da shi daidai yake da wanda wancan ya dake shi. Mashin da tirela suka yi karo, ƙarfi ɗaya ne a kan kowanne, ɗalibai ba sa yarda da farko amma haka ne. Bambancin a doka ta biyu yake, ƙarfin nan ɗaya ya faɗa kan kilo 200 a gefe guda, a ɗaya gefen kuma kan kilo 45,000, toh canjin gudun mashin da mai shi ya ninka na tirelar sau 225. Direban na iya cewa bai ma ji komai ba kuma ba ƙarya ya yi ba. Wannan dokar ce kuma ke tafiyar da mota tun farko, taya na tura ƙasa baya ƙasa na tura mota gaba, shi yasa in ka kafe a yashi duk ƙarfin injinka banza ne, taya na watsa yashi baya don bata samu abin da zai mayar mata da turin ba.

Saura kwana, wadda na ce maka ita ma canjin gudu ce. Mota a miƙe take son tafiya, don haka kafin ta bi lanƙwasa sai titi ya riƙa tura tayoyinta zuwa cikin kwanar, kuma nan ma gudu sau gudu ne, a raba da faɗin kwanar. Shataletale mai mita 20 daga tsakiya zuwa inda kake bi, in ka zagaya da 20 a maleji canjin gudun da ake nema daga taya wajen mita 1.5 a sakan ne cikin kowane sakan, ba komai. Ka zagaya da 40 ya koma 6.2, ka tuna iyakar taya mai kyau wajen 7 ce, kenan kana bakin gaɓa, in ka haɗa da birki a tsakiyar kwanar riƙon ba zai ishi aiki biyu ba sai ta kwashe. Shi yasa ake rage gudu kafin a shiga kwana ba a cikinta ba. Ƙaramar mota mai faɗi da ƙasa-ƙasa takan zame ne, amma abu mai tsayi da ƙarancin faɗi tun kafin ya zame zai kife, sabida titi na riƙe shi ta ƙasa nauyinsa kuma yana can sama yana son wucewa a miƙe. Keke-napep da taya ɗaya a gaba ga fasinja an cusa har gefen direba, ko motar da aka yi wa lodin buhuna ya haura bodi mutane kuma suka hau kai, duk matsalarsu kenan, duk buhun da aka ƙara a sama yana rage gudun da zasu iya shan kwana da shi.

Tanka ta fi kowa shiga uku a nan, musamman wadda ba a cike take ba. Cikakkiya man ba shi da wurin motsi, amma mai rabin lodi da an karya sitiyari man zai kwarara ya taru a gefen waje, daidai gefen da motar ke son kifewa, in an taka birki kuma ya taho gaba ya daki tankin ya ƙara tura ta bayan direba ya ɗauka ya tsaya. Ana saka shingaye a cikin tankin don rage wannan amma ba sa hana shi duka. Don haka in ka ga direban tanka na rarrafe a shataletale ya tare muku hanya, ka ce wa yayanka ya ɗaga hannu daga kan ham, kuma kada ya kuskura ya shiga ta gefenta na waje.